Yadda Kare Muhalli Ya Zama Rigar Jam'iyya

A ranar 20 ga Janairun 2021, sa'o'i kaɗan bayan ya sha rantsuwar kama aiki, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a takardar mayar da Amurka cikin Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Shekara huɗu cif bayan haka, ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump bai kwana ba sai da ya sa hannu a takardar sake fitar da ita. Karo na biyu ke nan da ya yi hakan, domin tun a watan Yunin 2017 ya fara sanar da ficewa. Cikin ƙasa da shekara goma Amurka ta shiga yarjejeniyar, ta fita, ta dawo, ta sake kama hanyar fita, alhali ko harafi ɗaya bai canza a takardar ba. Jam'iyyar da ke riƙe da Fadar White House ce kawai ke canzawa.

Wanda ya fara bin siyasar Amurka a 'yan shekarun nan zai ɗauka haka aka gada: 'yan Democrat ne masu kare muhalli, 'yan Republican kuma masu kare kamfanonin mai da kwal. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A 1991 cibiyar Gallup mai jin ra'ayin jama'a ta tambayi Amurkawa ko suna ɗaukar kansu masu rajin kare muhalli, kashi 78 cikin 100 na magoya bayan kowace jam'iyya suka ce e. Da ta maimaita tambayar a 2016, kashi 56 na 'yan Democrat ne suka amsa haka, na 'yan Republican kuwa kashi 27 kacal. A tsakanin shekarun nan 25 aka raba gari.

Ma'anar kalmomin

Ɓangarancin siyasa daban yake da saɓanin ra'ayi. Mutum biyu za su iya saɓawa kan gina madatsar ruwa, kowa ya kawo hujjarsa, gobe kuma bakinsu ya zo ɗaya kan wata magana. Ɓangaranci shi ne a kai inda mutum zai fara tambayar su wa ke goyon bayan abu kafin ya tambayi mene ne abin. Da zarar ka san jam'iyyarsa, ka san ra'ayinsa kan haraji da mallakar bindiga da baƙin haure da sauyin yanayi, ko da babu abin da ya haɗa waɗannan batutuwa.

Ita ma fafutukar kare muhalli suna ɗaya ake kiranta da shi, amma tafiya ce mai rassa. Mafi tsufa shi ne reshen adana dazuka da namun daji, wanda mafarauta da masu kamun kifi suka daɗe suna riƙe da shi. Sai reshen yaƙi da gurɓata iska da ruwa, wanda ya yi ƙarfi a shekarun 1960. Na baya-bayan nan shi ne na sauyin yanayi, wato ƙoƙarin rage iskar kabon da ke fita idan an ƙona kwal da man fetur da gas, wadda ke taruwa a sararin samaniya tana riƙe zafi. Rabuwar kai ta fi tsanani a kan reshe na uku. Da yake shi ne ya mamaye bakin ƙungiyoyin da aljihunsu tun daga shekarun 1990, ƙurar da ya tayar ta lulluɓe sauran biyun.

Zamanin da ake tafiya tare

Shugaban da Amurkawa suka fi tunawa da adana daji shi ne Theodore Roosevelt, ɗan Republican, mafarauci, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1909 kuma ya keɓe filaye kimanin eka miliyan 230 a ƙarƙashin kariyar gwamnati. A 1937 aka ware harajin da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsasai domin kula da namun daji, da goyon bayan mafarautan kansu, kuma har yau kuɗin na shiga asusun jihohi.

Amma shekarun da suka fi nuna haɗin kai su ne daga 1969 zuwa 1973. A Janairun 1969 ɗanyen mai ya malala a gaɓar tekun Santa Barbara da ke California. A watan Yuni na shekarar, kogin Cuyahoga da ya ratsa birnin Cleveland ya kama da wuta saboda mai da dattin masana'antu da ke shawagi a kansa. Kogi yana ci da wuta ba abu ne da ke buƙatar masani ya yi bayani ba. Gani ya kori ji. Ranar 22 ga Afrilun 1970 mutane kimanin miliyan 20 suka fito bikin farko na Ranar Duniya, wato ranar gangamin kare muhalli, wanda Sanata Gaylord Nelson na Democrat ya kira, ya kuma jawo ɗan majalisar wakilai Pete McCloskey na Republican suka jagoranta tare.

Shugaba Richard Nixon, ɗan Republican, ya kafa Hukumar Kare Muhalli, EPA, a ƙarshen 1970. Dokar tsaftar iska ta wannan shekara ta wuce Majalisar Dattawa da ƙuri'a 73, babu ko ɗaya da ya ƙi. Dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa ta 1973 ta samu ƙuri'a 92, ita ma babu mai adawa. Ba wai Nixon ya kasance mai kishin muhalli har cikin zuciya ba ne. Da aka kawo masa dokar tsaftar ruwa a 1972 ya hau kujerar na-ƙi saboda tsadarta, sai majalisa ta tsallake shi, da ƙuri'un 'yan jam'iyyarsa a ciki. Abin lura shi ne a lokacin jam'iyyun biyu rige-rige suke yi kan wa zai ɗauki yabo, domin masu zaɓe na kowane ɓangare suna son abin.

Inda aka fara jan daga

Tsagewar farko ta fito ne daga jihohin yamma, inda gwamnatin tarayya ta mallaki filaye masu yawa. A Nevada kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar jihar nata ne. Makiyaya da masu haƙar ma'adinai da masu yankan katako suka fara kukan cewa jami'an da ke zaune a Washington suna tsara musu yadda za su ci abinci. Ronald Reagan ya hau mulki a 1981 da alƙawarin rage dokokin da ke ɗaure 'yan kasuwa. Ya naɗa James Watt ministan cikin gida, wanda a Amurka shi ke kula da filayen gwamnati, ya kuma ba Anne Gorsuch shugabancin EPA. Ƙungiyoyin muhalli suka tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya suna neman a tsige Watt, mambobinsu da kuɗaɗen gudummawa suka ƙaru. Dukkan jami'an biyu sun sauka a 1983. Darasin da kowane ɓangare ya ɗauka daga nan ya daɗe: ƙungiyoyin sun gane cewa faɗa da gwamnatin Republican yana kawo magoya baya, 'yan Republican kuma suka fara kallon ƙungiyoyin a matsayin abokan hamayya.

Duk da haka igiyar ba ta tsinke ba. Gwamnatin Reagan ce ta sa hannu a Yarjejeniyar Montreal ta 1987 don kare rufin ozon da ke tare zafin hasken rana mai cutarwa, Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 83 ba hamayya. George Bush babba ya sa hannu a gyaran dokar tsaftar iska na 1990, wanda ya kawo wata dabara ta kasuwa: gwamnati ta yanke iyakar hayaƙin sulfa da tashoshin lantarki za su fitar, ta raba takardun izini, wanda ya rage hayaƙinsa ya sayar da rarar izininsa ga wanda ya kasa. Hayaƙin ya ragu, kuma da kuɗin da bai kai yadda aka yi hasashe ba. A riƙe wannan dabara a zuciya, domin za ta sake dawowa bayan shekara 19 a wani yanayi na daban.

A 1990 ɗin ne kuma aka sa wata mujiya mai ɗige-ɗige a jerin halittun da ake karewa, aka taƙaita sare itatuwa a dazukan Oregon da Washington. Garuruwan da suka dogara da injinan yankan katako suka ga ayyuka na tafiya. Akwai wasu dalilai da suka rage ayyukan, kamar sababbin injina, amma labarin da ya zauna a zukatan mutane shi ne an fifita tsuntsu a kan magidanci.

Me ya sa sauyin yanayi ya fi raba kai

Gurɓatar kogi ana ganinta, ana shaƙar warinta, ana iya nuna bututun masana'antar da ke zubar da dattin. Maganinta kuma yana da iyaka: a sa matata a bakin bututu, a ci tarar mai laifi, cikin 'yan shekaru kifi ya dawo. Iskar kabon ba ta da launi ba ta da wari, kuma duk mai tuƙa mota ko kunna wuta yana cikin masu fitar da ita. Rage ta yana nufin taɓa tushen tattalin arziki gaba ɗaya, a biya farashin yau, amfanin kuma ya bazu a duniya cikin gomman shekaru. Wannan ya sa muhawarar ta koma kan tambayar da ta fi raba jam'iyyun Amurka tun asali: ina iyakar ikon gwamnati a kan kasuwa da rayuwar mutum?

Masu bincike a Jami'ar Duke sun nuna a 2014 cewa mutane kan ƙi yarda da matsala idan maganin da aka gabatar bai kwanta musu ba. Da aka gaya wa 'yan Republican cewa maganin ɗumamar yanayi shi ne ƙarin dokokin gwamnati, sun fi musanta alƙaluman masana. Da aka ce maganin na hannun kasuwa da sabuwar fasaha, musun ya ragu. Binciken Dan Kahan na Jami'ar Yale a 2012 ya gano wani abin da ya fi wannan ɗaure kai: giɓin ra'ayi kan sauyin yanayi ya fi faɗi a tsakanin waɗanda suka fi sanin kimiyya da lissafi. Mai ilimi ya fi iya nemo hujjar da za ta kare matsayin mutanensa. Don haka zaton cewa jahilci ne kaɗai matsalar bai tsaya da ƙafarsa ba.

Akwai kuma hannun masu kuɗi. Daga 1989 zuwa farkon shekarun 2000 wani ƙawancen manyan kamfanonin mai da kwal da motoci ya kashe kuɗi wajen jefa shakku kan binciken masana da kuma yaƙar Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Rahotannin da aka fitar a 2015 sun nuna cewa masana kimiyyar kamfanin mai na Exxon sun yi bincike kan ɗumamar yanayi tun ƙarshen shekarun 1970. Amma ko a 1997 rabuwar ba ta gama bin layin jam'iyya ba. Ƙudirin da ya gargaɗi gwamnatin Bill Clinton kada ta shiga yarjejeniyar da ba ta ɗaure ƙasashe masu tasowa irin su Sin da Indiya ba, Robert Byrd na Democrat da Chuck Hagel na Republican ne suka kawo shi, ya wuce da ƙuri'a 95 ba hamayya.

Sai fuskar da batun ya samu. Al Gore, tsohon mataimakin shugaban ƙasa kuma ɗan takarar Democrat a zaɓen 2000, ya zama babban mai shelar sauyin yanayi, har ya samu lambar yabo ta Nobel a 2007. Hakan ya kai saƙon ga miliyoyin mutane, ya kuma liƙa masa tambarin jam'iyya. Duk da haka a 2008 ɗan takarar Republican John McCain ya yi yaƙin neman zaɓe da shirin ƙayyade hayaƙin kabon, tsohon kakakin Majalisar Wakilai Newt Gingrich na Republican da kakakin lokacin Nancy Pelosi ta Democrat kuma suka zauna kan kujera ɗaya a wani tallan talabijin suna kira a ɗauki mataki.

Shekara biyu suka wadatar a rushe wannan. A Yunin 2009 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin ƙayyade kabon ta hanyar cinikin izini, dabarar nan ta zamanin Bush babba, da ƙuri'a 219 da 212. 'Yan Republican takwas ne kawai suka mara masa baya, 'yan Democrat 44 suka ƙi, ya kuma mutu a Majalisar Dattawa. Ƙasar na cikin matsin tattalin arziki, guguwar masu adawa da haraji da ake kira Tea Party ta taso, hukuncin Kotun Ƙoli na Janairun 2010 kuma ya buɗe ƙofar kashe kuɗi ba iyaka a harkar zaɓe. Bob Inglis, ɗan majalisa mai ra'ayin riƙau daga South Carolina wanda ya fito ya ce ɗumamar yanayi gaskiya ce, ya sha kaye a zaɓen fidda gwani da kashi 29 kacal. Akwai wasu ƙuri'unsa da suka fusata mazaɓarsa, amma abokan aikinsa sun ga abin da ya same shi, kowa ya shafa wa gemunsa ruwa.

A 2010 ɗin ne Joe Manchin, ɗan Democrat mai neman kujerar sanata a West Virginia, jihar kwal, ya fito a wani talla yana ɗura harsashi a bindiga, ya saita kwafin ƙudirin kabon da aka manna a allo, ya harbe shi. Ya ci zaɓe. A Fabrairun 2015 Sanata James Inhofe, wanda shi ne shugaban kwamitin muhalli na majalisar, ya shigo zauren da dunƙulen ƙanƙara a leda, ya fito da shi ya jefa, don nuna cewa a waje sanyi ake yi. Shekarar da ta gabata ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya zuwa wannan lokaci.

Hujjar kowane ɓangare

A kan ainihin kimiyya babu tababa tsakanin manyan cibiyoyin bincike: duniya na ɗumama, kuma ƙona kwal da mai da gas ne babban dalili. Ja-in-jar da ke da tushe ita ce ta me za a yi, da wane sauri, kuma wa zai biya.

Masu ra'ayin riƙau na cewa makamashi mai araha shi ne gatan talaka, duk dokar da ta tsadar da wuta da mai shi take fara bugewa. Suna cewa idan Amurka ta matsa wa masana'antunta alhali Sin, wadda ta fi kowa fitar da hayaƙi a yau, na ci gaba da gina tashoshin kwal, ayyuka ne za su ƙaura, hayaƙin kuma bai ragu ba. Suna kuma zargin cewa hukumomin da ba zaɓaɓɓu ba suna yin dokar da majalisa ta ƙi yi, kuma Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a wani ɓangare a hukuncinta na 2022 da ya taƙaita ikon EPA kan tashoshin lantarki. Wasunsu na ƙarawa da cewa 'yan fafutuka da dama sun daɗe suna adawa da makamashin nukiliya, wanda ba ya fitar da kabon.

'Yan Democrat da ƙungiyoyin muhalli na amsawa da cewa zama ba a yi komai ba shi ma yana da farashi, ana biyansa ta gobarar daji da ambaliya da cututtukan numfashi, kuma Amurka ce ta fi kowace ƙasa tara hayaƙi a sama idan aka haɗa tarihi. Suna nuna yadda farashin lantarkin hasken rana da na iska ya faɗi ƙwarai tun 2010. Game da zargin ɓangaranci kuwa, suna cewa su ba su bar kowa ba, su aka bari: sun karɓi dabarar kasuwa da 'yan Republican suka ƙirƙiro, aka dawo aka kira ta haraji.

A cikin gidan 'yan fafutukar ma bakin bai zo ɗaya ba. Wani ɓangare na ganin jingina da jam'iyya ɗaya shi ne kaɗai ya taɓa kawo babban sakamako. Hujjarsu ita ce dokar Agustan 2022, wadda ta ware kimanin dala biliyan 370 ga makamashi mai tsafta, ta kuma wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba. A Majalisar Dattawa an yi kunnen doki 50 da 50, Mataimakiyar Shugaba Kamala Harris ta raba gardama. (Manchin mai bindiga shi ne ya ba da ƙuri'ar da ta sa hakan ya yiwu.) Ɗaya ɓangaren na cewa abin da jam'iyya ɗaya ta tufka, ɗayar za ta warware, kuma haka aka yi: dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta soke ko ta gajarta yawancin rangwamen harajin da dokar 2022 ta tanada. Suna kuma ganin cewa haɗa batun yanayi da sauran buƙatun masu sassaucin ra'ayi, kamar yadda ƙudirin Green New Deal na 2019 ya haɗa shi da kiwon lafiya da tabbacin aiki, ya faɗaɗa tafiyar a gefe ɗaya ya rufe ƙofa a ɗaya gefen. Idan aka bi tarihin dokokin, waɗanda suka jure sauyin gwamnati su ne waɗanda aka yi da ƙuri'un ɓangarorin biyu. Sai dai ƙorafin ɓangare na farko shi ma yana nan: yaya za a ƙulla ciniki da wanda zaɓen fidda gwani zai kore shi idan ya zauna a teburin?

Ba Amurka kaɗai ba

Ra'ayin riƙau da kare muhalli ba dole ne su zama kishiyoyi ba, kuma Birtaniya ta daɗe tana zama misali. Firaminista Margaret Thatcher ta jam'iyyar Conservative mai ra'ayin riƙau, wadda ta karanta kimiyyar haɗa sinadarai, ta yi jawabi kan ɗumamar yanayi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989. Dokar sauyin yanayi ta 2008 ta wuce majalisa, waɗanda suka ƙi ba su kai goma ba, kuma Firaminista Theresa May ta jam'iyyar Conservative ce ta sa burin kawar da hayaƙi nan da 2050 a cikin doka a 2019. Amma nan ma ginin ya fara tsagewa: a 2023 Firaminista Rishi Sunak, shi ma na Conservative, ya ɗage hana sayar da sababbin motocin fetur daga 2030 zuwa 2035, a 2025 kuma shugabar jam'iyyar Kemi Badenoch ta ce burin 2050 ba zai yiwu ba.

Ostireliya, mai arzikin kwal, ta fi kama da Amurka. An fara karɓar kuɗi kan kabon a 2012, gwamnatin Tony Abbott ta soke shi a 2014, a 2017 kuma Scott Morrison, ministan kuɗi na lokacin, ya shiga majalisa da dunƙulen kwal a hannu yana gaya wa 'yan adawa kada su ji tsoronsa. A Kanada gwamnatin masu matsakaicin ra'ayin riƙau ce ta fara harajin kabon a lardin British Columbia a 2008, amma da ya zama na ƙasa ya koma makamin yaƙin zaɓe, har Firaminista Mark Carney na jam'iyyar Liberal da ta kawo shi ya dakatar da ɓangaren da ke kan jama'a a 2025. A Brazil ana iya auna tasirin zaɓe da tauraron ɗan adam: an sare kimanin murabba'in kilomita 13,000 na dajin Amazon a 2021 a zamanin Jair Bolsonaro, adadin ya sauko zuwa kusan 6,300 a 2024 a zamanin Lula da Silva.

Abin da ya maimaita kansa a Turai shi ne bore na tasowa a duk lokacin da lissafin ya iso ƙofar gida. Ƙarin harajin mai ne ya fito da masu riguna ruwan ɗorawa kan titunan Faransa a Nuwamban 2018. Dokar rage sinadarin naitirojin a gonaki ta sa jam'iyyar manoma ta zo ta ɗaya a zaɓen lardunan Holan a 2023. A Jamus, dokar sauya na'urorin ɗumama gida ta wannan shekara ta jawo wa jam'iyyar Greens ta masu kare muhalli baƙin jini, jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayin riƙau kuma ta ci riba.

Abin da ke isowa ga mai ƙaramin ƙarfi

Na farko da yake ɗanɗanawa shi ne rashin tabbas. A da, magidancin da ke shirin sayen motar lantarki a Amurka yana da rangwamen haraji har dala 7,500 a ƙarƙashin dokar 2022. Daga ƙarshen Satumban 2025 babu shi. Kamfanin motoci na buƙatar shekaru kafin sabuwar mota ta fito daga zane zuwa kasuwa, tashar lantarki kuma ana gina ta ne don ta yi shekara 30 ko 40. Idan ƙa'ida na juyawa duk bayan shekara huɗu, mai zuba jari ko dai ya jira ko ya ƙara kuɗin kasada a kan kayansa, kuma a ƙarshe mai saye ke biya. Bututun mai na Keystone XL ya ga irin wannan: Obama ya ƙi shi a 2015, Trump ya amince a 2017, Biden ya soke izinin a 2021, kamfanin ya haƙura bayan an riga an fara aiki.

Ma'aikatan kwal kuwa sun zama tutar da kowa ke ɗagawa ranar kamfe. Yawansu a Amurka ya sauko daga sama da 170,000 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kimanin 40,000. Kason kwal a wutar lantarkin ƙasar ya faɗo daga kusan rabi a 2005 zuwa kashi 16 a 2023. Dokokin muhalli sun taka rawa, amma manyan dalilan su ne injina da kuma gas mai araha da sabuwar fasahar haƙa ta fito da shi. Shi ya sa tashoshin kwal suka ci gaba da rufewa a wa'adin farko na Trump, kamar yadda haƙar ɗanyen mai ta kai matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba, sama da ganga miliyan 13 a rana, a zamanin Biden. Tsakanin abin da ake faɗa a dandalin kamfe da abin da kasuwa ke yi akwai tazara mai faɗi.

Bala'in yanayi shi ma ba ya duba katin jam'iyya. A California ta 'yan Democrat wasu manyan kamfanonin inshora sun daina karɓar sababbin gidaje a 2023, suna ambaton haɗarin gobarar daji da tsadar gini, a Florida ta 'yan Republican kuma kuɗin inshorar gida na cikin mafi tsada a ƙasar saboda guguwa. A wajen Amurka, ƙasashe matalauta na jin canjin ta hanyar tallafi. Obama ya yi alƙawarin dala biliyan 3 ga asusun yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya biya biliyan 1 kafin ya sauka, Trump ya tsayar da sauran.

Inda har yanzu ake haɗuwa

Idan aka cire kalmar yanayi daga magana, sau da yawa ƙuri'u kan dawo. A 2020 Majalisar Dattawa ta amince da babbar dokar kula da gandun daji da filayen gwamnati da ƙuri'a 73 da 25, Trump ya sa hannu. A 2022 ta amince da gyaran Kigali da aka yi wa Yarjejeniyar Montreal, mai rage sinadaran sanyaya firji da na'urar sanyaya ɗaki masu ɗumama duniya, da ƙuri'a 69 da 27, domin masana'antun Amurka da kansu suna so.

Jihar da ta fi kowace samar da lantarki daga iska ita ce Texas, kuma George Bush ƙarami ne ya sa hannu a dokar da ta share hanyar a 1999 yana gwamna. Iowa na samun fiye da rabin wutarta daga iska, manoma na karɓar kuɗin hayar filin da aka kafa fankokin, Sanata Chuck Grassley na Republican kuma yana alfahari da cewa shi ya kawo rangwamen harajin iska a 1992. Yawancin masana'antun batir da farantan hasken rana da aka sanar bayan dokar 2022 sun sauka ne a mazaɓun 'yan Republican, ciki har da faɗaɗa wata masana'antar farantan rana a garin Dalton na jihar Georgia. A Agustan 2024 'yan majalisar wakilai 18 na Republican suka rubuta wa kakakinsu Mike Johnson wasiƙa suna roƙon kada a soke rangwamen baki ɗaya. Da ranar ƙuri'a ta zo a 2025, kusan duk waɗanda suka rage a majalisar daga cikinsu sun bi layin jam'iyya.